Ke Ce Jajin Gidanki: Riƙon Karatun Yara Idan Makaranta Ta Dawo Cikin Gida

 

Maganarmu ta yau ta taso ne daga tambayar da ta yawaita a saƙonninku. Malamai sun koma turo aikin gida ta WhatsApp. Wani lokaci kuma a wayi gari a ji an rufe makaranta, a ce yara su ci gaba da karatu daga gida. To uwar da ba ta yi nisa a boko ba, ko wadda ta yi amma hidima ta sha mata kai, ina za ta sa kanta? Wata cewa ta yi ita ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko, me za ta koya wa ɗan aji huɗu?

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Babu wanda ya ce sai kin zama malamar lissafi. Aikinki shi ne ki tabbatar darasin da aka turo ya isa ga yaron, ya zauna a kansa. Wannan aikin kuwa, mu a Sakkwato mun san shi tun kafin a ƙirƙiro waya, har suna gare shi.

Rufe makaranta ba baƙonmu ba ne

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda cutar korona, kuma yawancin yara ba su koma aji ba sai wajen Oktoba. A lokacin an riƙa sa darussa a rediyo da talabijin a jihohi da dama, har da tamu, ciki har da darussan Mu Karanta da 'yan aji ɗaya zuwa uku na Sakkwato da Bauchi suka sani. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. A 2022 malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mu da muke Dundaye, maƙwabtan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mun ga yadda hanya ta yi tsit. Manya a cikinmu suna tuna ambaliyar 2010 da ta cinye gadar da ta haɗa jami'ar da cikin gari. A Nuwamban 2025 kuma, bayan sace ɗalibai mata a Maga ta jihar Kebbi, jihohi da dama a Arewa suka rufe makarantu.

Annoba, ruwa, yajin aiki, rashin tsaro: dalilin yana canzawa, amma inda yaron yake ƙarewa ɗaya ne, wato tsakar gidanki. Allah ya kiyaye gaba, sai dai mai hankali yakan yi shiri.

Abin da ake asara a irin wannan zaman yana da yawa. Yaron da ya fara haɗa baƙi da wasali, idan ya yi wata shida bai duba takarda ba, sai ya koma kamar bai taɓa shiga aji ba. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa yara 7 cikin 10 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Ta 'ya mace kuma ta fi ciwo. Da zarar ta zauna, sai a ɗora mata farantin talla ko goyon ƙanne, ranar da aka buɗe makaranta a ce ai ta yi girma. Haka ta faru a Saliyo lokacin cutar Ebola, da makarantu suka yi kusan wata tara a rufe daga 2014 zuwa 2015: 'yan mata da yawa ba su sake komawa aji ba.

Darasi daga Nana Asma'u

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta fuskanci irin wannan tambayar tamu. Ga mata a ƙauyuka nesa da Sakkwato, suna cikin gidajen aurensu, ba halin su zo su zauna gaban malami. Sai ta tsara karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta zaɓi dattijai mata amintattu ta naɗa su jajoji, tana ba kowace malfa da jan rawani. Jaji takan jagoranci ayarin mata zuwa wurinta, su ɗauki karatu, su koma su isar wa waɗanda suke gida. Su ne 'Yan Taru.

Ki lura da abu ɗaya. Waƙar ba ta taka da ƙafarta ta shiga ƙauye ba, jaji ce ta kai ta, ta rera, ta sa aka maimaita, ta gyara wa wadda ta yi tuntuɓe. Waya da rediyo a yau suna matsayin waƙar nan ne: suna ɗauke da darasi. Jajin da za ta zaunar da yaro ta saurare shi, ke ce.

Binciken zamani ma abin da ya nuna ke nan. Lokacin korona an gwada wani tsari a ƙasar Botswana a gidaje kusan 4,500. Wasu gidajen ana tura musu tambayoyin lissafi ta saƙon tes kawai. Wasu kuma bayan saƙon sai malami ya kira sau ɗaya a mako, ya yi kamar minti 20 yana magana da yaron, mahaifi ko mahaifiya na kusa. Yaran da aka riƙa kira su ne lissafinsu ya ƙaru a fili. Saƙo shi kaɗai bai yi wani tasiri ba. Da ƙaramar waya aka yi wannan, ba da kwamfuta ba. Abin da ya kawo bambancin shi ne babban mutum da ya tsaya a kan yaron.

Ki tsayar da lokaci

Karatun gida yakan mutu ne a kan "bari anjima". Ki zaɓi lokaci ɗaya ki riƙe shi kamar yadda kike riƙe lokacin ɗora tukunya. A garinmu safiya ta fi, bayan sun dawo daga makarantar allo sun karya, kafin rana ta buɗe. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma yaron da gumi ke tsiyaya a jikinsa da ƙarfe biyu na rana ba abin da zai shiga kansa. Idan safiya ba ta samu ba, to tsakanin magariba da isha, in akwai haske mai kyau.

Kada ki tsawaita. Ɗan aji ɗaya zuwa uku, minti 20 zuwa 30 sun ishe shi a zama ɗaya. Manya su yi minti 40, su huta, su dawo. Rabin awa kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar da kuka da majina. Sannu ba ta hana zuwa.

Wurin ma ya zama sananne: tabarma ɗaya, a inuwa ɗaya, littafi da fensir a cikin jaka ɗaya da ake ratayewa inda ƙanne ba za su kai ba. Ki kashe talabijin. Ki roƙi mutanen gida, har da kaka da abokiyar zama, kada a aiki yaro a wannan ɗan lokacin. Sayen magi zai iya jira.

"Zo ka koya mini"

Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace, kuma ba ta buƙatar ki iya karatu. Idan ya gama sauraron darasi, ki ce, "Abba, zo ka koya mini abin da malam ya ce yau." Ki zauna kamar ɗaliba, ki yi tambaya: "To don me haka? Sake faɗa mini, ban gane ba." Yaron da ya fahimta zai bayyana miki da Hausarsa. Wanda bai fahimta ba zai tsaya yana maimaita kalmomin Turanci yana kallon ƙasa. Nan take kin gane inda gizo ke saƙar.

Ki sa ya karanta miki da ƙarfi kina tankaɗe ko kina tsince shinkafa. Kunnen da yake gane yaro ya yi gargada a tilawa, zai gane gargada a karatun boko. Mu da muka taso da hadda da muraja'a mun san karatu ba ya zama sai da bita, to boko ma haka yake.

Gidanki cike yake da darasi. Ki ba shi ya rubuta jerin kayan cefane. Ya lissafa canjin da za a dawo da shi. Idan tiya ɗaya ta ishe ku kwana biyu, tiya nawa za ku ci a mako biyu? Ya karanta miki ranar lalacewa da ke jikin gwangwanin madara. In kuna da gona a fadama, ya ƙirga kwamin albasa, ya rubuta buhu nawa aka samu bana, nawa aka samu bara. In kina adashi, 'yarki ta riƙe miki littafin zubi. Yaron da ya ga karatunsa ya yi wa uwarsa amfani, ba sai an kora shi zuwa ga littafi ba.

Ga ƙananan yara kuma, kada ki raina karatun Hausa. Wanda ya iya karanta harshen da yake ji, Turanci yakan zo masa da sauƙi daga baya, domin ya riga ya gane yadda haruffa ke haɗuwa su ba da ma'ana.

Waya ɗaya, yara biyar

Haka yawancin gidajenmu suke, wani lokaci ma wayar ta maigida ce, da ita yake fita kasuwa. A ƙididdigar UNICEF ta 2020, aƙalla yara miliyan 463 a duniya ba su samu damar karatu daga nesa ba lokacin da aka rufe makarantu. Don haka ba ke kaɗai ba ce, kuma akwai dabaru.

Na farko, wayar ta zama mai kawo saƙo kawai, karatun a littafi za a yi shi. Idan malami ya turo aiki, babban yaro ya kwafe shi a takarda, a ajiye wayar, kowa ya yi nasa da fensir. In an gama a ɗauki hoto a tura. Da haka wayar minti goma kawai za ta yi a hannun yara, data ta yi auki, caji ya yi auki.

Na biyu, ki sauke darasi lokacin da sabis yake da ƙarfi, ki adana shi, a kalla ko sau nawa ba tare da an sake kashe data ba. Akwai manhajar Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a Maris na 2022. Kyauta ake rajista, darussanta sun bi tsarin karatun makarantun ƙasar nan, kuma akwai na Hausa a ciki. Ki sa wani ɗalibi a unguwa ya buɗe miki, ya nuna miki sau ɗaya.

Na uku, kada ki yar da rediyo. Ranar da aka katse layi ko wuta ta yi kwana uku ba ta zo ba, ƙaramar rediyo mai batir ko mai sola ita ce za ta fisshe ki. In an sanar da darasin rediyo, ki rubuta lokacin a bango, ki zaunar da yaro da littafinsa kafin a fara.

Na huɗu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida huɗu ko biyar ku haɗa kai ku yi naku tarun. A samu zaure ko inuwar bishiya, a samu ɗalibar sakandare ko ta jami'a mai natsuwa ta zauna da yara awa ɗaya, ku haɗa mata ɗan abin sabulu, ku yi karo-karon data. Uwa ɗaya ta riƙa zama kusa, bi da bi. A nan Dundaye da jami'a take bakin ƙofarmu, masu ilimin ba su yi mana ƙaranci ba.

Wajen rabon waya kuma ki sa ido. In ba ki tsara ba, babban namiji ne zai riƙe ta, mace tana wanke-wanke har caji ya ƙare. Ki ba kowa lokacinsa, ki raba aikin gida yadda ita ma za ta zauna a tabarmar.

Masu shirin JAMB su kuma suna da ƙarin buƙata, domin tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar gaba ɗaya. Ki yi ƙoƙari ɗanki ko 'yarki su taɓa kwamfuta ko sau 'yan kaɗan ne kafin ranar, kada tsoron na'ura ya cinye musu abin da suka sani.

Ki riƙe malami da kyau

Ba dole sai kin rubuta Turanci ba. Ki danna ki yi saƙon murya da Hausa: "Malam, barka da aiki. Ni ce mahaifiyar wane, ɗan aji uku. Ya yi aikin jiya, amma raba lamba ya gagare shi. A taimaka a sake masa bayani." Wannan ya fi amfani ga malami a kan shiru. Ki tuna yawancinsu da kuɗin aljihunsu suke sayen data, su ma suna da iyali. Kada a kira su da tsakar dare, kuma zauren WhatsApp na aji ba wurin tura tallan atamfa ba ne.

Abu ɗaya da zan roƙe ki: kada yaya ko wa ya yi wa ƙaninsa aikin a tura a ce shi ya yi. Malam zai ga daidai ya wuce gaba, yaron kuma a bar shi a baya. Amsar da ba daidai ba amma ta yaron ce, ita ke nuna wa malam inda zai gyara.

Abin da ya shafi lafiya

Ido. Duk bayan minti 20 na kallon waya, yaro ya ɗaga kai ya kalli abu mai nisa, kamar bishiyar da ke bayan katanga, na daƙiƙa 20. Kada ya kalli waya a ɗaki mai duhu ko ya manna ta a fuska. Ki bar shi ya yi wasa a waje da safe ko da la'asar, domin hasken waje yana taimakawa wajen kare yara daga matsalar rashin hangen nesa. In kin ga yana ƙanƙance ido, yana yawan murza shi, ko yana kukan ciwon kai bayan karatu, ki kai shi a auna idon. Kada a ɗiga masa maganin da wani ya rage.

Kunne. Gara a buɗe sautin waya kowa ya ji da a toshe kunnen yaro da iyafis. Kin kare masa ji, kuma kin san abin da yake saurare. In dole ne sai ya saka, kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100.

Barci. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. A barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. A karɓe waya awa ɗaya kafin kwanciya, kuma ta kwana a ɗakinki. Kada a bar ta tana caji a ƙarƙashin filo ko a kan katifa, musamman da zafin nan namu.

Ƙanana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, sannan 'yan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a yini. Miƙa wa ɗan goye waya don ya yi shiru yayyensa su yi karatu, gyara ɗaya ne da ɓarna ɗaya. Ki ba shi murfin kwano da cokali, ko ki goya shi.

Ciki. Kada a fara karatu da yunwa. Kunun gyaɗa ko koko da ƙosai, fura da nono, ɗumame, duk abin da ya sawwaƙa. A ajiye ruwan sha kusa.

Sai maganar da na fi so ki riƙe. A asibiti muna yawan ganin yaran da aka daɗe ana kira daƙiƙai, ana duka, alhali ciwo ne da su: wani ba ya gani sosai, wani kunnensa ya daɗe yana ruwa har jinsa ya ragu, wani jininsa ya yi ƙasa saboda zazzaɓin cizon sauro da yake ta dawowa, ko tsutsar ciki, ko sikila. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, ki duba tafin hannunsa. In sun yi fari fat, ga kasala, ga yawan barci a kan littafi, asibiti za ki nufa. Bulala ba ta ƙara jini, kuma yaron da ke jiran saukar mari hankalinsa yana kan hannunki, ba ya kan takarda.

Abin da ke shigowa ta wayar

Ƙofar da darasi ke shigowa, ta nan ɓarna ma take shigowa. Waya a tsakar gida ake amfani da ita, inda idonki yake, ba a ƙuryar ɗaki ba. Ki san lambar buɗe ta. In yaro ya ce yana karatu amma kina jin kiɗa yana canzawa duk bayan daƙiƙa kaɗan, TikTok yake. Masu wayar Android za su iya sa manhajar Family Link ta Google, wadda take ƙayyade lokaci da abin da yaro zai buɗe.

Ki gaya wa 'yarki da ɗanki a fili: duk baƙon da ya yi musu magana ta waya, ya nemi hoto, ko ya ce kada su faɗa wa Inna, to su faɗa miki nan take, kuma ba za ki dake su ba. In suna tsoron faɗanki, ɓoyewa za su yi. Haka kuma duk wanda ya ce a turo kuɗi zai ba da amsar jarrabawa ko ya ƙara maki, ɗan damfara ne.

Aikin wannan mako

Kada ki jira sai an sake rufe makaranta. Daga gobe ki tsayar da rabin awa, ki shimfiɗa tabarma, ki ce wa yaro ya koya miki abin da aka yi a aji. Ki nemi lambar malaminsa ki ajiye. Ki yi magana da maigida a kan lokacin da zai riƙa barin wayar a gida, ki yi magana da maƙwabta biyu a kan tarun unguwa. Gidan da ya saba da wannan tun makaranta tana buɗe, ranar da ta rufe ba zai rasa madafa ba.

Ina jiran ra'ayoyinku a ƙasa, musamman iyayen da ke da yara da yawa da waya ɗaya: yaya kuke rabon? Dabararki za ta iya fisshe da wata. A fitowa ta gaba, in Allah ya yarda, za mu tattauna a kan sanƙarau da yadda za mu kare yara idan zafi ya shigo.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.